Shagon maganin Indiya na kusa da Kasuwar Dole: ya sassauta mini ciki, amma bai ɗinke ƙaba ba

Duk wanda ya tambaye ni ko ya je shagon nan mai sayar da maganin Indiya saboda ƙaba, amsata kashi biyu ce. In bushewar ciki da kumburi ne suka matsa maka har ƙabar take tasowa tana ciwo, je ka, akwai abu biyu a kan kantarsu da suka cancanci kuɗinsu. In kuwa cewa aka yi suna da maganin da ke mayar da ƙaba ya rufe ta ba tare da wuƙar likita ba, bar kuɗinka a aljihu. Na yi hulɗa da su tsawon lokacin da nake jiran a yi mini aiki, kuma abin da idona ya gani da wanda jikina ya ji su zan faɗa.

Shagon yana cikin lungunan da ke kewaye da Kasuwar Dole. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai irinsa fiye da ɗaya a Damagaram, kuma maganata ta shafe su duka. Asalinsa shagon maganin Musulunci ne: zuma, habbatus-sauda, man zaitun, hulba, dabino. Daga baya aka ware kanta guda ta hannun dama aka jera gwangwanaye da kwalabe masu rubutun Ingilishi da na Hindi, waɗanda mai shagon ya ce ta Kano suke iso masa. Wurin da tsabta, an share, akwai fanka, kuma kayan suna cikin inuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga masu tallar magani a faranti suna yawo da shi rana na dukansa tun hantsi har la'asar.

Mutum biyu ne ke tsaron shagon, wani dattijo Alhaji da safe, yaronsa kuma daga azahar zuwa dare. Wanda ka tarar a cikinsu shi zai yanke irin abin da za ka fito da shi.

Ni malamin koleji ne, irin waɗanda ake kira Mushe (monsieur), SVT nake koyarwa, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa. Ƙabata ta matsematsin dama ce, ta bayyana a shekarun da nake ɗauko bidon mai lita 25 daga kan kura zuwa cikin gida. Duk ɗan Zinder ya san yadda muke da ruwa, ba sai na tsawaita ba. In na daɗe tsaye gaban allo sai ƙullutun ya fito, wurin ya yi nauyi yana ja, in na kwanta rigingine ya koma da kansa. Likita ya duba ni a tsaye, ya sa na yi tari yana dafe da wurin, ya ce ƙaba ce, aiki take so. Amma tun da tana da taushi kuma tana komawa, ya yarda mu jira babban hutu. Ya gindaya mini sharaɗi uku: kada in ɗauki kaya mai nauyi, kada in bar tari ya daɗe ban nemi magani ba, kuma kada in riƙa yunƙuri a bayan gida. Na ukun nan ne ya kai ni shagon, domin cikina mai bushewa ne tun ina saurayi, azumi da zafi kuma suna ƙara masa.

Da na yi wa Alhaji bayani, abin da ya fara tambaya shi ne, "Mushe, ka ga likita?"

Na ce, "Na gani, Alhaji."

"Me ya ce?"

"Ya ce aiki."

Ya ce, "To, aikin za a yi. Ni abin da ke gare ni na sassauta ciki ne, ka samu sauƙi kafin ranar. Wanda duk ya ce maka gari yana ɗinke tsoka, bai ji tsoron Allah ba."

Wannan magana ita ta sa na amince da shi, kuma har yau ina ganin girmansa saboda ita.

Maganin da yake sayarwa na tsarin da Indiyawa ke kira Ayurbeda ne, maganin gargajiyarsu wanda yake rubuce tun fiye da shekara 2,000. A can ba a ɗauke shi abin wasa ba, yana da makarantu da asibitoci, kuma a 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum mai kula da shi da ƴan'uwansa. A fahimtarsu jiki yana tafiya a kan abubuwa uku, vata da pitta da kapha, kuma ƙaba tana cikin cututtukan vata, wato iska. Shi ya sa kusan duk abin da suke bai wa mai ƙaba maganin iska ne da na sakin ciki. In ka gane wannan, ka gane iyakar abin da kantar za ta iya yi maka.

Abu na farko da Alhaji ya ba ni shi ne isabgol. Ɓawon ƙwayar wani tsiro ne, fari, marar nauyi, ba ɗaci ba zaƙi. Ana zuba cokali ɗaya ko biyu a kofin ruwa, a dama, a shanye nan take kafin ya yi kauri, sannan a bi shi da wani kofin ruwan. Yana tsotse ruwa a cikin hanji ya kumbura, bayan gida ya yi laushi ya fita ba tare da nishi ba. A gare ni wannan shi ne sarkin kantar. Bai murɗa mini ciki ba, bai sa ni gudawa ba, kuma ba sirri ba ne na wani boka, likitocin asibiti ma suna rubuta irinsa a ordonans, wato takardar sayen magani. Da na nuna wa likitana kwalin, cewa ya yi in ci gaba, sai dai in yawaita shan ruwa, in kuma bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsa da duk wata ƙwayar magani da nake sha, don yana iya rage shigarta jiki. Gargaɗin ruwan nan a riƙe shi da kyau. Wanda ya afa garin a baki ya kora da kurɓi ɗaya, zai iya sarƙe shi a maƙogwaro ko ya ƙara toshe masa ciki. Kwalin na saye jika 2, wato sefa dubu biyu, ya kuma yi mini auki.

Na biyu triphala. Garin ƴaƴan itace uku ne da aka busar aka daka: amla, haritaki da bibhitaki. Yana da tsami da bauri, ba kowa zai so shi ba, ni da ruwan ɗumi nake sha bayan isha'i. Ya fi isabgol ƙarfi wajen tura ciki. Rabin cokalin shayi ya ishe ni, da na kai cikakken cokali sai cikina ya riƙa ƙugi da asuba. Na mayar da shi na lokacin da ciki ya ƙi sam, ban maishe shi na kullum ba.

Akwai kuma wani gari mai suna hingvashtak, na iska da kumburi, wanda ake haɗawa da lomar farko ta abinci. Da ka buɗe gwangwanin za ka ji abubuwan da ka sani, citta da masoro, sai wani ƙaro mai tsananin wari da suke kira hing. Yana saukar da kumburi, ban musa ba, musamman bayan cin wake. Amma akwai gishiri a cikinsa, don haka mai hawan jini ya yi hattara. Haka wani da ake kira avipattikar, na ƙwannafi, kusan rabinsa sukari ne, mai ciwon suga bai kamata a miƙa masa ba tare da an tambaye shi ba. Alhaji yana tambaya. Yaron ba ya tambaya.

Sakamakon a jikina shi ne, da yunƙurin bayan gida ya tafi, nauyin da nake ji a matsematsi ya ragu ƙwarai. Ina iya gama darasi a tsaye ban nemi kujera ba, ina sujada ban dafe mara ba. Wanda bai ɗanɗani ƙaba ba ba zai san darajar wannan sauƙin ba. Amma ƙullutun yana nan. Duk safiyar da na miƙe na yi tari sai ya leƙo, girmansa bai ragu ba ko kaɗan.

A nan ne nake da magana da yaron shagon. Wata la'asar na je sayen isabgol na tarar da shi yana yi wa wani magidanci bayanin abin da ya kira "cikakken maganin ƙaba na wata uku". Leda ce aka ƙulle da gwangwanin gari biyu, da kwalbar ƙwayoyi baƙaƙe, da man shafawa, da man zurma, da ɗamarar roba mai ɗan matashi da ke danne wurin. Kuɗinta jika 25. Yana nuna masa bidiyo a waya, wani mutum yana magana da Hindi, yaron yana fassarawa yadda ya ga dama. Ya juyo gare ni ya ce, "Mushe, kai ma da ka ɗauki wannan da ba sai an yanka ka ba."

Na ce masa, "Ɗana, Alhaji ya san kana faɗin haka?"

Ya yi dariya ya ce ai mutane da yawa sun warke.

Ba su warke ba. Ƙaba ƙofa ce ta buɗe a bangon ciki, inda tsoka ta yi rauni, hanji ko kitsen ciki yake leƙowa ta nan. Buhun hatsi ne da ya yage a gefe: in ka rage masa hatsi zai daina zuba da yawa, amma yagewar tana nan sai an sa allura da zare. Abin da aka sha yana bi ta cikin hanji ne, ba ya fita ya je ya kama bakin tsoka ya haɗe. Man da aka shafa a fata yake tsayawa. A jikin babba ƙabar matsematsi ba ta rufewa da kanta, abin da ta saba yi shi ne ƙaruwa sannu a hankali, har wata ta sauka cikin maraina ta zama gwaiwa. Cibiyar jarirai ce kaɗai aka sani tana yawan rufewa da kanta kafin yaro ya kai shekara 4 ko 5, kuma wannan ba aikin wani magani ba ne. Mutanen da yaron ke cewa sun warke, cikinsu ne ya saki, ciwo ya lafa, suka daina zuwa.

Su kansu magabatan Ayurbeda ba su yi wannan alkawarin ba. Sushruta, tsohon likitan fiɗa na Indiya wanda ake jingina masa ɗaya daga cikin manyan littattafansu, ya san saukar hanji, kuma abin da ya ambata a kanta har da ƙona matsematsi da ƙarfe mai zafi, irin sakiyar wanzamanmu, don a tare hanyar. Wadda ta riga ta sauka cikin maraina kuwa ya lissafa ta cikin waɗanda ba sa jin magani. Mutumin da ya rayu tun kafin a san allurar kashe zafi ya gane cewa gari ba ya rufe wannan ƙofa, sai ga yaro a lungun Dole yana sayar da akasin haka jika 25.

Abin da ya sa na ɗauki zafi akwai dalili. Wani maƙwabcinmu mai tura kurar ruwa, uban ƴaƴa, ya sayi irin wannan leda. Ya ɗaura ɗamarar ya ci gaba da aikinsa, don in bai tura kura ba gidansa ba a ɗora tukunya. Wani dare ƙabar ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ciwo ya turnuƙe shi, ya fara amai. Maimakon asibiti, sai aka ba shi man zurma, wai ciki ne ya ɗaure, in ya saki za ta koma. Aka yi ta danna wurin da man shafawa. Sai da gari ya waye, cikin ya kumbura, sannan aka sa shi a mota. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da aka yanke wani yanki na hanjinsa da ya mutu, ya daɗe kwance, kuɗin da aka kashe kuma ya ninka na aikin ƙaba na lafiya-lau nesa ba kusa ba. Dangi ne suka yi karo-karo.

Don haka ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe alamomin nan, ya kuma faɗa wa na gida. In ƙaba ta fito ta ƙi komawa ko da an kwanta, ta yi tauri, tana ciwo mai tsanani, ko fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, ko amai ya zo, ko iska da bayan gida suka tsaya, ko zazzaɓi ya biyo baya, to hanji ne ya shaƙe, jini ba ya isa gare shi. Cikin kamar awa 6 yana iya fara mutuwa. A wannan hali ba a shan komai: ba man zurma, ba filasko, ba triphala, har isabgol ɗin da nake yabo haramun ne a lokacin, domin duk abin da ke tura ciki yana tura shi ne zuwa ƙofar da take a toshe. Ba a danna wurin da ƙarfi, ba a jiran safiya. A nufi Asibitin Ƙasa na Zinder ko asibiti mafi kusa da ake fiɗa, ko da kabu-kabu ne, ko ƙarfe nawa ne na dare. Mata su ƙara kula, domin irin ƙabar da ke fitowa a saman cinya ta fi yawa a gare su, ƙarama ce, amma ta fi saurin shaƙewa.

Sai ƙwayoyin nan baƙaƙe da ke cikin ledar. Su ban saya ba, kuma ba na ba kowa shawarar saye. A cikin Ayurbeda akwai wani reshe da ake haɗa magani da ƙarafa da aka ƙona suka zama toka, ana kiran tokar bhasma. Masu yin sa suna cewa an tsarkake ƙarfen. Amma a 2004 mujallar likitocin Amurka mai suna JAMA ta buga binciken da aka yi a kan magungunan Ayurbeda 70 da aka sayo a shagunan birnin Boston, aka samu dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. A 2008 aka sake yin irinsa a kan waɗanda ake sayarwa ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba, mun ji abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. In ka ga kalmar bhasma ko rasa a jikin kwalba, ko kwalbar da ba a jera abin da ke cikinta ba, ajiye ta. Garin ganye ɗaya ko na ƴaƴan itace da ka san sunansu ya fi kwanciyar hankali.

Wannan ya kawo ni ga babban aibin shagon bayan bakin yaron, wato rubutu. Duk bayanin da ke jikin kayan da Ingilishi ne da Hindi. Mu kuwa wanda ya yi lakwal Faransanci ya karanta, wanda ya yi allo ajami da Larabci ya sani. Yawancin masu saye ba su iya karanta adadin da za a sha, ko ranar da maganin zai lalace, ko gargaɗin masu juna biyu. Abin da mai shago ya faɗa shi ke nan. Na taɓa ɗaga wani gwangwani na ga watanninsa sun wuce, na nuna wa Alhaji, nan take ya sauke shi daga kanta ya yi mini godiya. Amma wa zai duba wa tsohuwar da ta zo daga Mirya ko Matamaye? Wasu kayan suna da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, tun da ta can suka biyo, wasu ba su da komai sai hoton ganye. Da Alhaji zai sa a rubuta ƴar takarda da Hausa, boko da ajami, a manna wa kowane gwangwani, da ya yi wa garin nan babban alheri, kuma ba wani kuɗi zai ci ba.

Akwai kuma wani ruɗani da na lura da shi. Wasu daga cikin garin da aka rubuta musu sunan ƙaba, ba ta matsematsi ake nufi ba. Akwai wata iri ta cikin ƙirji, inda saman tumbi ke turawa sama ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki, alamarta ƙwannafi da gyatsa mai tsami. Ita ba a ganinta a waje, kuma sau da yawa gyaran abinci da maganin ƙwannafi suna wadatarwa. Yaron ya haɗe su wuri ɗaya yana sayar wa mai gwaiwa maganin ƙwannafi.

Ɗamarar fa? Na gwada irinta da izinin likita a kwanakin da nake da dogon tsayi. Tana tallafe wurin, in an sa ta a kwance bayan ƙabar ta koma ciki. Amma a zafin Damagaram tana jiƙa da gumi ta goge fata, kuma haɗarinta shi ne mutum ya ji daɗinta ya koma ɗaukar kaya, ko ya ɗaura ta a kan ƙabar da ba ta koma ba. Ba ta rage girman ƙofar.

Ba ina cewa duk mai ƙaba ya ruga a yanka shi gobe ba ne. Likitoci da kansu sun yarda da jira ga namijin da tasa ba ta damunsa. An yi babban gwaji a Amurka da Kanada, aka buga shi a 2006, aka ga shaƙewa ba ta da yawa a irin waɗannan mutane, ba ta kai biyu cikin dubu a shekara ba. Amma da aka ci gaba da bin su, kusan kashi 68 cikin ɗari sun ƙare da yin aikin cikin shekara goma, yawanci saboda ciwo ya ƙaru. Kuma waɗancan mutane ne da asibiti ke kusa da su, ba masu tura kura ko noma a ƙauyen da ke da nisa da ɗakin fiɗa ba. Jiran da likita ya duba ka ya yarda da shi daban, jiran da ka yi don yaron shago ya ce za ka warke daban.

Abin da ke kai mutanenmu ga ledar jika 25 abu biyu ne, kunya da tsoron wuƙa, sai rashin kuɗi ya zo ya cika na uku. Kunyar ba ta da wuri. Wajen kashi 27 cikin ɗari na maza za su gamu da ƙabar matsematsi a rayuwarsu, mata kuma wajen kashi 3, kuma ana yin aikinta fiye da miliyan 20 a duniya kowace shekara. A sahun masallacin unguwarku akwai masu ita, shiru kawai suka yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ka shiga wurin likita ka kwance wando ya duba, domin wani kumburin maraina ruwa ne ba hanji ba, kuma shi ne zai bambance.

Aikin kansa, da hutu ya zo aka yi mini. Allura aka yi mini a baya, rabin jikina na ƙasa ya mutu, ina jin maganarsu har aka gama. Aka mayar da abin da ya leƙo, aka shimfiɗa raga aka ɗinke. Kwanakin farko tari da dariya suna da wuya, ban ɓoye ba. Aka hana ni ɗaukar nauyi na wasu makonni, kafin a koma lakwal kuwa ina tafiyata daidai. Game da ragar nan akwai abin da nake so masu son kayan Indiya su sani. Likitocin karkara na Indiya, cikinsu har da Dakta Tongaonkar, su suka fara amfani da yankin gidan sauro da aka tsabtace aka kashe masa ƙwayoyin cuta a madadin raga mai tsada, don talaka ya samu aiki. A 2016 aka buga gwajin da aka yi a Yuganda a kan maza wajen 300, aka ga sakamakon ragar mai arha bai bambanta da na mai tsada ba. Wannan aikin likita ne a ɗakin fiɗa da irin ragar da aka tantance, ba abin da wani zai yanko daga gadonsa ba. Amma in ana neman abin da Indiya ta bai wa mai ƙaba wanda ya rufe ƙofar da gaske, ga shi nan.

Bayan aikin ma isabgol ya yi mini rana, domin a makon farko babu abin da mutum ke tsoro kamar yunƙuri a kan sabon ɗinki. Sai dai in faɗi gaskiya, wanda ba shi da jika 2 bai rasa komai ba in ya dage da abin da ke kasuwarmu: miyar kuka da kuɓewa, zogale, rama, wake, kunun tsamiya, ganyen lambunan Mirya, da ruwa mai yawa tsakanin magariba da sahur in azumi ne. Uwargidana ta ƙara ganye a tukunya tun lokacin, kuma yanzu kwali ɗaya yana daɗewa ban taɓa shi ba. Dattijon da ke yunƙuri wajen fitsari kuma, ko mai tsohon tari, ko mai shan taba, ya sani waɗannan ma suna tura ƙaba, kuma babu maganinsu a wannan kanta.

Na koma na gaya wa Alhaji abin da yaronsa ke faɗa da abin da ya sami maƙwabcina. Ya yi shiru, ya yi salati, ya ce zai yi masa magana. Zuwana na baya ban ga ledar a kan kanta ba, amma wani abokin aikina ya ce an yi masa tayinta da yamma, daga ƙarƙashin tebur aka ciro ta.

Saboda haka wanda zai je ya je da safe, tsakanin hantsi da azahar, lokacin da Alhaji yake zaune. Ranar Alhamis akwai cunkoso saboda kasuwa, Juma'a kuma suna rufewa tun kafin a tafi masallaci sai bayan la'asar. Ya tafi da wanda ya iya karanta Ingilishi ya duba masa kwanan wata, ya faɗi duk wani ciwo da yake da shi da duk maganin da yake sha, ya nemi isabgol ko triphala da sunansu, ya kuma kai kwalin wurin likitansa kafin ya fara. Farashin isabgol ba a ragi, na triphala kuwa Alhaji yakan sauko da dala ɗari in ka ɗauki biyu.